Dashe ko cusawa? Neman Hausar inlining

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta bayani kan injin kwaikwayo na Java, wato manhajar da ke gudanar da abin da aka rubuta da harshen Java, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: inlining. Ku taya ni dubawa kafin in tsayar da magana.

A ce akwai ɗan ƙaramin aiki mai suna ninka, ba abin da yake yi sai ya karɓi lamba ya ninka ta biyu. Duk sanda aka kira shi, sai inji ya adana inda ya tsaya, ya shimfiɗa wa aikin wuri a ƙwaƙwalwa, ya tsallaka can, sannan ya dawo. Zirga-zirgar ta fi aikin kansa tsada. To ina ga kiran da za a maimaita sau miliyan? Shi ya sa mai tarjama, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen inji, yake ɗauko jikin aikin ya sa shi daidai gurbin kiran; wannan shi ne inlining. Ribar da ke biyo baya ma ta fi: da zarar ya ga lambar da aka miƙa 5 ce, sai ya rubuta 10 kawai, lissafin ya ƙare tun ba a fara ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "cusawa". Ban karɓa ba, don ba a cusa abu sai wurin ya ƙi shi. "Shigarwa" kuwa mun riga mun ɗora mata kaya, da ita muke shigar da bayanai, da ita muke shigar da manhaja. "Liƙawa" ta rage wa mai tarjama daraja, alhali sai ya sake wa lambobi suna ya daidaita komai da sabon wurin.

Ni dai dashe na zaɓa. Za ku ce ai abin da aka dasa ya bar mazauninsa, aikin nan kuwa yana nan inda yake. Gaskiya ne, amma ku tuna da dashen reshe: a yanka a kafa a wurare goma, uwar bishiya tana tsaye. Kalmar ma ta zo da gargaɗinta, don yawan dashe cunkoso yake kawowa. Shi ya sa HotSpot, ɗaya daga cikin injinan kwaikwayo na Java, yake da iyaka: aikin da bai wuce bayit 35 ba yana da saurin samun shiga, wanda ake yawan kira kuma ana ɗaga masa ƙafa har bayit 325.

Inda na fi son kalmar shi ne wajen bambance lokuta biyu. Compile-time na ce lokacin tarjama, run-time kuma lokacin gudana. An ba ni shawarar "kafin aiki" a madadin na farko, na ƙi. A harshen C zai yi daidai: ka rubuta inline, wadda ta shiga ƙa'idar harshen a 1999, mai tarjama ya ga dama ya bi ko ya share ka, kuma duk abin da ya yanke ya yanku kafin manhaja ta motsa. Amma HotSpot yana tarjama ne manhaja tana tsakar gudu. Yakan zauna yana ƙirga wane aiki ake yawan kira, sai ya yi caca: kowane nau'in abu da nasa jikin aikin, amma tunda zuwa yanzu nau'i ɗaya kaɗai na gani a nan, bari in dasa nasa. Can sai wani sabon nau'i ya ɓullo, cacar ta faɗi. Dole ya warware abin da ya yi ya koma tafiyar hawainiya. Dabarar nan daga harshen Self ta fito, aikin su Urs Hölzle a Jami'ar Stanford farkon shekarun 1990. Turawa suna ce mata deoptimization. Mu kuwa ba sai mun sha wahala ba: abin da aka dasa, tuge shi ake yi. Gwada da cusawa ku ji, me za ku ce, zarowa?

Saura inline caching, wadda Deutsch da Schiffman suka kawo wa harshen Smalltalk a 1984. Sunan ya yi kama, amma can ba jikin aiki ake ɗaukowa ba, inda aka same shi a kiran baya ake tunawa a bakin kiran. Ban sa mata dashe ba. Mai kalma ya ajiye mana a ƙasa.