Na kwashi adashi: firiza ko leshin biki?

Ƴar Gwale: Salamu alaikum. Jiya na kwashi adashina, dubu 300, wata goma ina zubi. Niyyata firiza ce, in riƙa yin zoɓo da ƙanƙara. Sai ga bikin ƙanwata bayan Sallah. Na shiga Kantin Kwari duba anko kawai, na ga wani leshi ruwan zuma, har yanzu yana min yawo a ido. Zuciyata na cewa: kin sha wahala, ko balangu ba ki saya wa kanki ba, ki fito fes ko rana ɗaya ce. In na saya da takalmi da jaka, firiza ta tafi. Wadda ta taɓa shiga wannan hali ta ba ni shawara.

Mai Shago: Ki sayi fili, ƙasa ba ta ruɓewa.

Uwar Biyu: Ƙanwata, na san wannan muryar, ita ta cinye min jarin atamfa. Ban taɓa ɗibar kuɗi da yawa ba. Yau in ce na gaji, a kawo kaza. Gobe in ce ai riba ce, ba uwar kuɗi ba. Kullum da hujjata, kuma ina jin ta daidai ce. Ran da na buɗe akwati na tarar turmi huɗu ya rage cikin talatin, a ƙasa na zauna ina kuka. Yanzu aikatau nake.

Malamin Allo: Suratul A'araf, aya ta 31: ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna.

Hajjaju: Malam, farkon ayar ai ado ta ambata. Kuma kai namiji ne, ba ka san idon da ake zuba wa yayar amarya ba.

Malamin Allo: Adon zuwa masallaci, Hajiya.

Mai Shago: Ni fa dubu 300 ma ba ta sayen firiza yanzu.

Uwar Biyu: Maƙociyata ta sayi ta hannu a Sabon Gari, dubu 180.

Ɗan Fagge: Ki sayi firizar, ranar biki ki ɗaura ta a ka a madadin gwaggwaro 😂

Hajjaju: Firizar ma da wace wuta? Kwana uku ke nan ba mu gan ta ba, kifina duk ya lalace.

Ɗan Fagge: Mu kuɗin gyaran taransufoma aka ce mu haɗa, karo na biyu a bana.

Ƴar Gwale: Don Allah, leshin fa? Mai shagon ya ce zuwa Asabar kawai zai ajiye min.