Wane suna za mu ba "sabbatical" da Hausa?

1/ Malaman jami'a da masu fassara, ina neman shawararku. Har yanzu "sabbatical" ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Ina nufin lokacin da jami'a ke sauke wa malaminta koyarwa bayan wasu shekaru na aiki, don ya duƙufa kan bincike. Wasu su ce sabatika, wasu hutun shekara, wasu hutun karatu. Ni dai duk sunan da ya fara da "hutu" bai kwanta mini ba.

2/ Na san masu "hutu" suna da hujja. Tushen kalmar "shabbat" ne na Ibrananci, ɗan'uwan "sabt" na Larabci, inda muka samo Asabar. A Attaura an umurci Bani Isra'ila su noma ƙasa shekara shida, ta bakwai su bar ta ta huta. Wannan lissafin jami'o'i suka ara. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara, a 1880, zamanin shugabanta Charles Eliot: malami ya samu shekara ɗaya cikin bakwai, da rabin albashi.

3/ To amma a dubi abin da ake yi a shekarar "sabbatical" ɗin. A lokacin aiki na yau da kullum, ranar malamin jami'a a gutsure take. Da safe aji, daga nan taron sashe, sai ɗalibin da ya kawo babi na uku na kundinsa, ga takardun jarrabawa na jiran maki, ga kwamitin da aka jefa shi ciki, ga maƙalar da wata mujalla ta aiko ya tantance. Duk aiki ne na gaske, kuma wajibi. Sai dai littafi ba ya rubutuwa a minti arba'in da ke tsakanin aji da taro. Tunani mai zurfi yana son watanni a jere, mutum ya kwana da matsala ɗaya ya tashi da ita. Wannan damar ake ba shi. Ana sauke masa koyarwa da kwamitoci don ya shiga ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwaje, ko ya fita tattara bayanai. Kafin ya tafi sai ya rubuta abin da zai yi, in ya dawo ya kawo rahoto, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta masa ya koma bakin aiki na wani lokaci. Ina hutu a nan?

4/ Kuma sunan yana da illa. Ka ce wa mutum malami ya tafi hutun shekara guda ana biyansa, me kake so ya ɗauka?

5/ "Hutun karatu" ma wani abu ne daban, na wanda ya tafi neman digiri. "Hutun shekara bakwai" kuwa, mai ji zai zaci shekara bakwai ɗin za a yi ba a nan.

6/ Larabawa sun kusa da gaskiyar lamarin da suka ce "tafarrug ilmi", wato keɓe kai ga ilimi. An ba ni shawarar "halwar ilimi", kuma tana da daɗin ji, amma halwa ta ibada ce, gara a bar ta a muhallinta.

7/ Abin da na tsaya a kai shi ne "zangon bincike". Mun riga mun saba da zangon karatu, don haka kunne ba zai ƙi shi ba. Zango bai ƙayyade tsawo ba, ya ɗauki na wata shida, ya ɗauki na shekara. Yana kuma shiga magana ba tangarɗa: "Farfesa tana zangon bincike", "ya nemi zangon bincike ba a ba shi ba".

8/ Inda nake son jin ta bakinku: malamai da yawa suna tafiya wata jami'a ne su ƙare shekarar suna koyarwa. Shin sunan ya haɗa da su, ko a nema musu nasu?