Hausar kalmomi uku nake nema kafin gobe da hantsi

Mai shirin Asabar: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shiri a rediyo, baƙina biyu. Ɗaya dattijon makanise ne na unguwar Zango a nan Damagaram, yana riƙe da Peugeot 404 bashe (mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya) tun ba a haife ni ba, har yau bugu ɗaya take tashi. Ɗayan ya yi zaman Faransa, ya dawo da ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ya shimfiɗa masa layi a kan katako mai faɗin ƙyaure a ɗakinsa cikin Birni. Na je na gani: kan jirgin bai fi tafin hannuna ba, amma da fitilarsa da tagoginsa da lambar jikinsa. Su biyun kukansu ɗaya, kayan ƙarya sun cika kasuwa. Da Faransanci na tsara tambayoyina, kalmomi uku sun tsaya mini: voiture de collection, maquette, contrefaçon. Ba na son in ce "tsohuwar mota" Baba ya ji kamar na raina abin da yake ji da shi.

Ɗan Sabon Gari: Contrefaçon jabu. Maquette samfuri. Ta farkon motar tarihi.

Malamar Hausa: Jabu na yarda. Samfuri kuwa abin da ake nuna maka ne kafin ka sayi mai yawa, kamar ƙyallen da mai shago yake yanko maka. Jirgin nan ba talla yake yi wa babban jirgi ba. "Motar tarihi" ma ta yi nauyi. Motocin Citroën takwas da suka ratsa Damagaram a ƙarshen 1924 za su tafkin Cadi, waɗannan su ne motocin tarihi, don wani abu ya faru da su. Motar Baba tsufa ta yi da mutuncinta.

Makanisen bakin tasha: Ƙanwata, mu a gareji tsohuwar mota iri biyu ce. Akwai akwala, wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya. Akwai wadda in ta shigo yara suke barin aiki su zo kallo, ita muke ce wa tsohuwar zuma. A Faransa sai mota ta kai shekara 30 ake ba ta takardar collection. In shekaru kaɗai ne, motocin da ke lodi a tasharmu da yawa sun cancanta. 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma Kaduna ta yi ta harhaɗa Pijo tun 1975, shi ya sa ba su taɓa zama baƙi a idonmu ba. Abin da ya raba su riƙo ne.

Ɗan Sabon Gari: To motar ajiya.

Mai shirin Asabar: Yaya, ba ajiye take ba. Jiya ma buhunan gero ya ɗauko da ita daga Mirya.

Tsohon Mushe (malamin makaranta): Ɗiyata, kafin ki kai ga mota, ki tsaya a kan jabu, don na ga kowa ya wuce ta kamar an gama. Jabu ba Hausa ba ce. Daga sunan Ijebu ta fito, garin Yarabawa, tun zamanin da ake jingina musu buga kuɗin ƙarya. Kalmar aro ce, kuma tambari ce a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Samfuri ma daga Ingilishi aka jawo ta. Muna da algus, muna da ha'inci. Maquette kuwa na daɗe da sama mata suna tun ina koyarwa a lakwal: kamantau, daga kamanta. Kamantau na jirgi, kamantau na gida, kamantau na masallaci. Contrefaçon sai ta zama kamantau na ha'inci. Saiwa ɗaya ta ɗauke miki kalmomi biyu.

Malamar Hausa: Mushe, Allah ya ƙara girma, amma algus ɗin ma daga Larabci ta zo, kuma gauraye take nufi: ruwa a cikin nono, tsakuwa a cikin wake. Bujin ƙarya ba a gauraya shi da komai ba, sunan wani aka manna masa. Sannan kunnen Bahaushe in ya ji -au a ƙarshe, mutum yake fara hangowa, kamar mantau da makarau. Mai sauraro zai ɗauka kamantau shi ne mai haɗa jirgin.

Tsohon Mushe: Kunne sabo yake yi, Malama. Jirgi da can na ruwa ne kaɗai, yau ga na ƙasa ga na sama, wa ya yi gardama? In ba a fara faɗin kalma a rediyo ba, a ina za a fara?

Bakano a Damagaram: Baba, duk tashoshin Hausa jabu suke cewa, jabun magani, jabun kuɗi. Kowa ya gane. Mota da rediyo ma ai ba a Daura aka haife su ba.

Ɗan Birni: Kullum haka ne, abin da Kano ta ce shi ne Hausa. Mu buji muke cewa, ku fulogi, wa ya fi wani? Mu da jikka muke ƙirga kuɗi. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a rubuce cikin doka, lokaci ya yi da za mu riƙa yanke namu da kanmu.

Bakano a Damagaram: Ni ban ce Kano ba, yallaɓai. Je ka kasuwar Dole ka ce wa mai kayan gyara "wannan kamantau na ha'inci ne", ka ga ko zai san zarginsa kake.

Ɗan Birni: Buji daga Faransanci, fulogi daga Ingilishi, na sani. Abin da yake ci mini rai shi ne namu aron ake kira gurɓatacce, naku kuma daidaitacce.

Mai shirin Asabar: Don Allah a dawo, dare yana yi.

Hajiya mai atamfa: Ɗiyata, ni ban yi lakwal mai zurfi ba, amma abin nan da kika kwatanta ai mun san shi. Ƴaƴanmu suna fere kara su yi mota, su huda ƙwarya su yi mata ƙafa, wasu da gwangwanin madara da waya. Motar kara. Ki ce jirgin kara na Turawa, tsohuwa a ƙauye ma ta gane.

Ƙanen mai jirgin: Hajiya, a yi haƙuri, yayana ba zai ji daɗin wannan ba, don ba wasan yara ba ne. Komai bisa awo aka yi shi. Nasa ma'aunin HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87. Faɗin layin dogo irin wanda ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi milimita 1435 ne, ki raba da 87 ki samu 16.5, kuma shi ne daidai faɗin layin da ke kan katakonsa. Kan jirgi ɗaya na Märklin ne, kamfanin Jamus, taragun kuma na Jouef, kamfanin Faransa. Yaron da ya yi motar kara da ido ya auna. A nan in taga ta fi awo da ƙwayar gero, masu abin sai su ce an ɓata. Mutum ne da ya tashi a garin da jirgi bai taɓa zuwa ba, sai da ya je Nguru yana saurayi ya fara ganin na gaske, tun ranar abin ya shiga ransa.

Malamar Hausa: To awon shi ne zuciyar maganar. Ƙaramin jirgin kwaikwayo, wanda aka rage bisa awo. Ya yi tsawo, amma sau ɗaya za ki faɗa cikakke, daga nan ki riƙa cewa ɗan jirgin. Misalin Hajiya kuma ki buɗe bayani da shi, ba ki sa shi suna ba.

Makanisen bakin tasha: Kwaikwayo ta yi, kuma ita ce ta sa ba zan saki jabu ba. Mushe, ka gafarce ni, abin da hannuna ya taɓa zan faɗa. Kayan 404 huɗu ne a kasuwa. Na asali. Na okaziyo, wanda aka ciro daga wata mota, tsoho amma na gaske. Na kwaikwayo, wanda wani kamfani ya ƙera ya sa sunansa a kwali, ya ce ga abin da na yi, ga kuɗinsa. Wannan halal ne, ba don shi ba da tsofaffin motocin nan sun daɗe da kwanciya. Na huɗu shi ne wanda ya ari zakin Pijo ya manna. Bara na sayi filtar mai jikka huɗu a wani shago, kwali da zaki da komai. Da na ɗaga na ji ba nauyi, amma mai mota yana tsaye yana sauri, na ɗaura. Sati biyu injin ya fara ƙara. Na yanka filtar da zarto, takardar ciki ta narke ta zama kamar dusa, ta toshe hanyar mai. Ni na biya gyaran daga aljihuna. In kika kira na uku da na huɗu da suna mai saiwa ɗaya, kin shafa wa mai gaskiya kashin kaji. Jabu kalma ce da in na faɗa a gaban mai shago yake sunkuyar da kai.

Tsohon Mushe: Wannan rabuwa da ka yi tsakanin na uku da na huɗu daidai ce, na karɓa. Asalin kalmar dai yana nan yadda na faɗa.

Mai shirin Asabar: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: contrefaçon, jabu, kuma zan sa Baba makanise ya bambanta ta da na kwaikwayo da bakinsa. Maquette, ƙaramin jirgin kwaikwayo bisa awo. Ta farkon ce ban samu natsuwa ba. Tsohuwar zuma ta yi daɗi a hira, amma kirari ce, ba za ta shiga takardar mota ba. Gobe zan buɗe da ita, sannan in tambayi Baba shi me yake kiran motarsa.

Ɗan Birni: Ki ce buji, kar ki ce fulogi.

Tsohon Mushe: Jabu ban sa hannu ba, ɗiyata, amma shirinki ne, zan saurara. Ki ambaci kamantau ko sau ɗaya, ki ce wani dattijo ne ya kawo, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai shirin Asabar: Baba Mushe, minti 25 gare ni da baƙi biyu. In lokaci ya ragu zan faɗa, in bai ragu ba sai Asabar ta sama.