Hutun ƙanƙara da yara: Finlan, Suwidin ko Norwe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Yaran nan sun matsa mana lamba sai an kai su zamiya a kan dusar ƙanƙara wannan hunturun. Mu biyar ne, daga Hamburg za mu tashi. Abban nasu ya ce Norwe, ni kuma na ji ana yabon Levi a Finlan. Ina ne kuɗi ba zai yi mana ɓarna ba?

Ɗan Oulu: Wa'alaikumussalam Anti. Kafin ƙasa, a fara tsayar da lokaci tukuna. Wane wata?

Maman Ilham: Ƙarshen Disamba muka yi niyya.

Ɗan Oulu: Kai, a'a. Levi tana can sama da da'irar Aktik, a Disamba akwai makonnin da rana ba ta leƙowa sam, ɗan shuɗin haske ne na 'yan sa'o'i sai dare ya dawo. Suna kunna fitilu a kan dutsen, ana zamiya, amma lokacin ne Turawa ke tururuwa da 'ya'yansu hutun Kirsimeti, komai ya yi tashin gwauron zabi. In da hali ku bari sai Maris: ga rana, ga ƙanƙarar ba ta narke ba.

Baban Sadiq: Hajiya, bari in ba ki nawa labarin kada ki faɗa inda na faɗa. Bara muka je Suwidin, wajen Sälen. Na ga wani gidan katako da araha, na biya ba tare da na duba taswira ba. Ashe tsakaninsa da wurin zamiyar tafiyar mota ce mai kyau, mu kuma ba mu ɗauki hayar mota ba. Kullum tasi zuwa, tasi dawowa. Da muka shiga gidan, katifa ce tsirara, babu zanin gado babu tawul, wai kuɗinsu daban, sharar gidan ranar tafiya ita ma daban. Ga shi mun faɗa makon hutun makarantun Stockholm, mako na 9 na shekara, ban ma san ana irin wannan lissafi ba. Can kowane yanki da makonsa, daga na 7 zuwa na 10, kuma a lokacin ko malamin da zai koya wa yaro sai ka yi rajista tun da wuri. Sadiq ya kwana biyu yana kallon 'yan'uwansa yara ta gefen shinge, safar hannunsa ta jiƙe sharkaf saboda ta ulu muka saya masa, yana kuka yana cewa yatsunsa na cizonsa. Wallahi har yau abin na min ciwo. Kuɗin jirgi shi ne ƙarami a tafiyar nan. Abin da ke cin mutum: tikitin lilon hawa dutse, hayar takalma da katakon zamiya, kuɗin malami, sai abinci. Ki lissafa su sau biyar, sau yawan kwanaki, kafin ki taɓa sayen komai. Wurin kansa ba laifi, gangarensa masu sauƙi ne, don yara aka yi shi. Gida kawai za ki nema wanda za ku fito ƙofa ku taka zuwa dutsen, ko da ya fi tsada.

Maman Ilham: Allah sarki Sadiq. Na gode Alhaji, wannan na zanin gadon ban taɓa ji ba.

Ɗan Oulu: A Finlan ma haka ne. Ku zo da naku a jaka. Tikitin yini ɗaya na babba a Levi ya haura Yuro 50, amma ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara shida ba sa biya in sun sa hular kwano.

Yaya Habu: Åre ta Suwidin ta fi duka. Jirgin ƙasa daga Stockholm har tsakiyar gari, ba ruwanka da mota. Sun karɓi gasar zamiya ta duniya a 2007 da 2019.

Baban Sadiq: Habu, mutanen da ba su taɓa ɗora ƙafa a katako ba, me za su yi da dutsen gasar duniya?

Yaya Habu: Akwai ɓangaren yara ai, Alhaji.

Gwaggo ta Oslo: Ku daina tsorata ta da Norwe. Gaskiya ne cin abinci a waje a nan sai mai ƙarfi, amma wa ya ce ku ci a waje? Ki sauka Oslo, ki biya unguwar Grønland ki sayi naman halal da shinkafa da attarugu, ki kama gida mai kicin a wurin zamiya na Trysil, tafiyar bas wajen awa uku. Kuma in ɗanɗanawa kawai yaran ke so, layin jirgin ƙasa na 1 yana hawa daga tsakiyar Oslo ya wuce Holmenkollen har Frognerseteren. Hanyoyin zamiyar cikin daji kyauta ne, ba mai tambayar ki tikiti. Ni can nake kai jikokina.

Malam Sani: Ga mu 'yan Ingila fa, bizar Shengen ɗaya ta isa duka ukun?

Ɗan Oulu: Ta isa Malam, har Norwe, duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Kuɗi ne ya bambanta: Finlan Yuro, sauran biyun kowa da kuronarsa.

Malam Sani: To ni abin da ya fi damuna, inda rana ba ta fitowa yaya ake salla? Kuma ku duba kalanda, azumi na zagayowa ta wajen Fabrairu zuwa Maris.

Ɗan Oulu: Mu nan wasu na bin lokacin Makka, wasu garin da ya fi kusa da rana ke fitowa.

Yaya Habu: Na Makka ne daidai.

Malam Sani: Habu, ba a yanke fatawa haka da ka. A tambayi malamai.

Gwaggo ta Oslo: Wanda zai zo ya taho min da yajin daddawa don Allah. Kilishin gida kam kada a ɗauko, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Maman Ilham: Na Hamburg ɗin fa Gwaggo, wanda ake yi a nan?

Gwaggo ta Oslo: Wannan ya halatta, daga Jamus ana shigowa da nama har kilo 10.

Ɗan Oulu: Anti, in kin koma batun Finlan, akwai jirgin ƙasa na dare daga Helsinki zuwa Kolari, da ɗakin kwana, daga nan bas zuwa Ylläs ko Levi. Yara na son sa sosai, kuma an rage kuɗin masaukin dare ɗaya. Watakila ma ku dace da koren hasken nan na sama.

Maman Ilham: Bari Abban nasu ya dawo aiki in nuna masa. Gwaggo, gidan na Trysil, kwana nawa ne mafi ƙaranci ake kamawa?

Yaya Habu: Ni dai har yanzu Åre.