Shin laifi ne tura labari a WhatsApp?

Malami daga Garwa: Assalamu alaikum. Ɗalibina ya tura jita-jitar rufe makaranta a zauren WhatsApp na ajinsu, hukumar makarantar ta kira mahaifinsa. Shin doka tana hukunta wanda ya tura kawai?

Baba daga Marwa: Malam, dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, ko da ba shi ya ƙirƙira ba.

Hajiya daga Injamena: A ganina, koyar da yara tantance labari ya fi takura amfani, domin mu nan Chadi an toshe mana kafofin sada zumunta daga 2018 zuwa 2019, amma jita-jita ba ta tsaya ba.