RAM nawa ya kamata a ƙara wa laftof?

Da aka tattauna batun ƙara wa laftof RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, kusan kowa da abu ɗaya ya fara: kafin ka sayi komai, duba ko kwamfutarka tana karɓar ƙari, da iyakar abin da za ta ɗauka. Yawancin siraran laftof na yanzu an liƙe musu RAM a jikin babban allon da ke cikinsu (motherboard), ba a iya ƙarawa, har da MacBook masu ƙwaƙwalwar M1 da Apple ya fara fitarwa a 2020.

A kan adadi ne aka ɗan ja. Windows 11 na tashi da 4GB, amma da ƙyar. Mai rubutu da leƙa intanet 8GB za ta riƙe shi, sai dai mafi yawa sun karkata ga 16GB, ni ma nan na tsaya. Ita 32GB ta masu tace bidiyo ce da manyan wasanni.

Shawarar da ta fi gamsar da ni: buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yawan RAM da ake amfani da shi, kana tsakiyar aiki. In RAM bai kusa cika ba, ƙila tsohon faifan ajiya (hard disk) ne ke jan ƙafa, SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, ce maganinsa.

A kula, RAM iri-iri ne: DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, kuma sandunan RAM guda biyu iri ɗaya sun fi guda ɗaya sauri.