Takaici ne ko hassada? An ce min ɗan baƙin ciki

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Ni da abokina muka nemi aiki guda, shi ya samu, ni ban samu ba. Na kira shi na taya shi murna, Allah ne shaidata. Bayan nan na yi kwana biyu ba na son magana da kowa. Sai ga yayansa ya aiko min wai ashe ni ɗan baƙin ciki ne. Wallahi ko sau ɗaya ban yi fatan aikin ya kuɓuce masa ba. Takaicin kaina nake ji, shekara uku ina nema. Abin da nake cewa shi ne mutane ba sa bambance abin da ke zuciya. Da takaici, da hassada, da alhini, duk sun zuba su a kwando ɗaya.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Yi haƙuri ɗana. Ita kalmar baƙin ciki fuska biyu gare ta. Wanda aka yi wa rasuwa yana cikin baƙin ciki, wanda ba ya son ganin ci gabanka shi ma yana maka baƙin ciki. Kai na farko ya same ka, shi kuma ya jefe ka da na biyu.

Mai Faɗa a Fili: Hajiya ku gafarce ni, amma a gaya wa yaron nan gaskiya. Shirun kwana biyu bayan abokinka ya samu alheri, sunansa ƙyashi. Da wani baƙo ne ya samu aikin, za ka yi shirun?

Ɗan Auta: Zan yi mana. Rashin aikin ne ya dame ni.

Mai Faɗa a Fili: Kowa haka yake cewa.

Malam Na Gefe: A bi a hankali. Malamai sun raba abin tun da daɗewa. Hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga hannun ɗan'uwanka, ko ta dawo gare ka ko kada ta dawo. Gibɗa kuwa ka so irin abin da ya samu, shi ma nasa ya ci gaba da zama nasa. Ta farko haramun ce, ta biyu babu laifi. In ya ce bai so abin ya kuɓuce ba, ba mu da ikon tsaga ƙirjinsa.

Mai Faɗa a Fili: Malam ni ban ce hassada ba, ƙyashi na ce.

Yar Baba: To meye bambancin? Ƙyashi ai hassada ce da ba ta girma ba.

Mai Faɗa a Fili: A'a ƙanwata. Mai ƙyashi ganin abin yake ya yi wa mutum yawa, kamar bai cancanta ba. Mai hassada so yake ya lalace. Mutum yana iya ƙyashin ba ka abin da ke hannunsa ma, wannan ba hassada ba ce.

Yar Baba: Wannan rowa ce kike faɗa, Anti, ba ƙyashi ba.

Mai Faɗa a Fili: Ke za ki koya min Hausa?

Hajiya Babba: Ni da kishi kuka ce ma da sauƙi. Kishi kan abin da kake ganin naka ne, kana tsoron a raba ka da shi. Shi ya sa ake cewa kishin kai, kishin addini, kishin ƙasa, kuma yabo ne. Ba wanda ya taɓa cewa hassadar ƙasa.

Likitan Gobe: Bari in kawo abin da muka karanta. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Ekman, ya je Papua New Guinea a ƙarshen shekarun 1960, ya nuna wa mutanen ƙabilar Fore hotunan fuskoki. Ya fitar da abubuwa shida da ya ce ana gane su a fuska ko'ina a duniya: fushi, tsoro, farin ciki, baƙin ciki, ƙyama da mamaki. Ku lura babu hassada a ciki, babu ƙyashi. Ba su da fuskar kansu, haɗe-haɗe ne. Don haka babu mai kallon shirun mutum ya yanke cewa ƙyashi ne.

Sarkin Musu: Shida kawai? Ina kunya? Ina kewa? Ina zullumi da fargaba? Mutumin da bai san kara da kawaici ba shi zai ƙirga mana abin da ke zuciya?

Likitan Gobe: Bai ce su kenan ba, ya ce su ne tushe. Kuma ko a cikin masana akwai masu ja da shi. Lisa Feldman Barrett tana ganin fuska ba ta da tambari guda ga kowane yanayi, mutum yana iya yin murmushi cikin fushi, ya yi kuka don murna.

Sarkin Musu: To ka kawo hujja ka kuma rushe ta da hannunka. Me ya rage?

Malam Na Gefe: Ɗalibi, kullum sai ka fara da wani Bature ya ce. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai ya hana shi walwala, wanda ya danganta da jiki. Sama da shekara dubu kenan.

Likitan Gobe: Allah ya gafarta Malam, ban musa ba, kuma maganar tasa ta yi daidai da ta likitocin yanzu. In ƙunci ya kai mako biyu, kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci suka rikice, to ana zargin ciwon damuwa, sai a ga likita. Ɗan Auta, in ya wuce haka kada ka yi shiru.

Ɗan Auta: Ikon Allah. Ɗazu ɗan baƙin ciki, yanzu kuma mara lafiya. Kwana biyu na ce, Yaya, ba mako biyu ba.

Sarkin Musu: Wanda bai gama makaranta ba har ya fara duba marasa lafiya a waya.

Likitan Gobe: Kai da ka gama, me ka kawo tun ɗazu ban da musu?

Yar Baba: Anti, har yanzu ba ki ba ni misali ɗaya na ƙyashin da ba hassada ba.

Mai Faɗa a Fili: Ke dai tun ranar da na gyara miki magana kike jin haushina. Wannan ma a saka shi a lissafi, haushi ne ko fushi?

Yar Baba: Ba na jin haushin kowa. Amma kin yanke wa bawan Allah hukunci ba ki san shi ba, don kawai kin saba kare masu faɗa wa mutane magana.

Hajiya Babba: Ku bari haka, ku mata biyu. Yaro ya zo da damuwarsa kun mayar da ita taku.

Mai Kula da Zaure: Zan rufe nan saboda dare ya yi. Abin da aka cimma shi ne bayanin Malam, Allah ya ƙara masa lafiya: abin da ya samu ƙanenmu gibɗa ce, kuma babu laifi a cikinta. Maganar ƙyashi ba ta da tushe, mai ita ma ta kasa kawo misali. Batun fuskoki shida kuwa, wanda ya kawo shi da kansa ya janye. Magabata sun riga sun gama wannan aiki.

Likitan Gobe: Ban janye komai ba.

Mai Faɗa a Fili: Na ba da misali, a koma sama a karanta.

Ɗan Auta: Na gode Yaya, amma ko Malam bai ce gibɗa ce ta same ni ba, kuma ni ma ban ce ba. Takaici na ce tun farko. Gobe zan je gidan abokin nawa in yi masa bayani da bakina.